Darasi na 12: Kula da Izgar Bakan Goge da Kukuma

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana yadda izga ke fitar da sauti, ya san abubuwa huɗu da ke lalata ta, ya kuma iya tsara yadda zai kula da ita tun daga damina har zuwa hunturu.

Gabatarwa

Goge da ƙanwarsa kukuma suna cikin kayan kiɗan da suka yi suna a ƙasar Hausa. Kayan haɗinsu ba su da yawa. Akwai rabin ƙwarya da akan rufe galibi da fatar guza, da sandar da ta ratsa ta, da tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, da ɗan itacen da tsirkiyar ke hawa wanda makaɗa ke kira jaki, sai kuma lanƙwasasshen baka na ƙarfe ko na itace wanda aka ɗaure wa izga. Da waɗannan 'yan kaya Garba Liyo ya yi tashe a goge, da su kuma Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka kai kukuma gidajen biki da gidajen rediyo. Dangin goge suna nan a wurin Fulani da Zabarmawa da Dagombawan Gana. Na Buzaye, wanda mata ke kaɗawa kuma ake kira imzad, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a shekarar 2013.

Idan muryar goge ta dushe, yawancin masu koyo sukan ɗora laifin a kan ƙwarya ko fata, wasu kuma su ce izgar ta tsufa don yawan kiɗa. Abin da wannan darasi zai tabbatar shi ne, yawancin izgar da ake zubarwa ba kiɗa ne ya cinye ta ba. Maiƙon hannu, da sauyin yanayi, da yawan ƙaro, da mummunar ajiya su ne ke kashe ta tun kwananta bai ƙare ba, kuma dukkansu huɗun ana iya kare su ba tare da an kashe kuɗin kirki ba. Wannan magana ta fi shafar mazauna Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin kudancin Jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, amma duk da haka iskar hunturu ba ta raga masa.

Yadda izga ke fitar da sauti

Wanda bai san aikin da izga ke yi ba, ba zai gane dalilin kula da ita ba. Da ido, mutum zai ga kamar baka yana zamewa ne kawai a kan tsirkiya. Abin da ke faruwa ya wuce haka. Izgar da aka shafa wa ƙaro takan kama tsirkiya ta ja ta gefe ɗaya. Idan jan ya fi ƙarfin kamun, sai tsirkiyar ta suɓuce ta koma baya, nan take kuma izgar ta sake kama ta. Wannan kamu da suɓucewa yana maimaituwa sau ɗaruruwa cikin sakan ɗaya, shi ne kuma karkarwar da jaki ke miƙa wa fata, ƙwarya ta ƙara mata amo. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann von Helmholtz ya bi diddigin wannan motsi ya bayyana shi a littafinsa na 1863, kuma har yau a kan bayaninsa ake gini. Kowa zai iya gwada shi a gida. Ku wanke tasa tsaf, ku goga mata ɗan yatsa mai ɗan danshi, za ku ji tana ƙara. Ku ɗiga mata man gyaɗa ku sake gogawa, za ku ji yatsan ya wuce sumul babu ko motsin sauti.

Wasu sukan ce gashin doki yana da ƙananan haƙora masu cizon tsirkiya, kuma idan haƙoran suka cinye shi ke nan izga ta mutu. Gaskiya ne idan aka duba gashi da madubin ƙara girma za a ga fatarsa ɓawo-ɓawo ce, wani a kan wani. Amma hujja mai sauƙi tana rushe zancen cizo: sabuwar izga fil, wadda duk ɓawonta ke nan, ba ta fitar da sautin kirki sai an shafa mata ƙaro. Ashe ƙaron ne ke kamu, gashin kuma aikinsa ya riƙe ƙaro ya shimfiɗa shi daidai. Daga nan ne dukkan ƙa'idojin kula da izga suka samo tushe. Duk abin da zai hana gashi riƙe ƙaro, ko ya hana silin gashin kwanciya daidai da juna, ya taɓa muryar goge. A goge kuwa aikin ninki biyu ne, domin gogen Turawa tsirkiyoyinsa na ƙarfe ne ko na roba ko na hanji, amma goge gashi ne ke goga gashi. Abin da ya lalata izgar baka zai lalata tsirkiya.

Maiƙo

Abu na farko da ke kashe izga shi ne maiƙo, kuma mafi yawansa daga hannun mai gogen yake fitowa. Fatar mutum tana fitar da nata mai ko da bai shafa komai ba, balle a lokacin ɗari da kowa ke shafa basilin ko man kaɗanya saboda kaushi. A wurin biki ga tuwo da miya mai man shanu, ga ƙosai, ga tsire. Makaɗi ya ci, ya goge hannu a gefen riga, ya ɗauki baka. Mai yana shiga tsakanin ƙaro da gashi, wurin ya yi santsi. Alamarsa ita ce a ji sauti yana yankewa a wuri ɗaya duk lokacin da aka ja baka, kuma idan aka duba za a ga wurin ya yi duhu yana sheƙi, galibi kusa da mariƙi. Ƙa'idar a nan gajera ce. A wanke hannu da sabulu a bushe shi kafin a ɗauki goge, a riƙe baka ta mariƙinsa, kada a bar yara ko 'yan kallo su riƙa shafa izga. Dole ne yatsun hagu su taɓa tsirkiya, domin da su ake sauya murya, amma iyakarsu ɓangaren sama. Daga inda baka ke bi har zuwa jaki, hannu ba shi da aiki a wurin.

Izgar da maiƙo ya riga ya shiga ba ta zama ta zubarwa ba. Ana wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar turare, a ɗauraye sosai, a taje da tsohon burushin haƙori mai tsabta daga wannan baki zuwa wancan, a shanya a inuwa har ta bushe sarai, sannan a sake shafa ƙaro. A kiyaye kada ruwan ya jiƙa ƙullin da ke bakin baka, domin yakan sassauta shi, bakan ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Idan tsohon ƙaro ne ya daskare, ɗan sifirit na kantin magani a jikin tsumma yana narkar da shi. Kananzir da fetur kuwa ba su da wuri a nan, domin suna barin nasu maiƙon da warin da ba ya fita da wuri.

Laima da bushewa

Abu na biyu shi ne yanayi, kuma a nan ne mutanen kudancin Kano suka fi buƙatar lura. Gashi yana shan laimar da ke cikin iska. Idan ya sha sai ya ƙara tsawo ya saki, idan ya bushe sai ya tsuke. Wannan hali tabbatacce ne har ya sa a 1783 wani masani ɗan birnin Janeba mai suna Horace de Saussure ya ƙera ma'aunin laima da silin gashin mutum, domin tsakanin busasshiyar iska da wadda ta cika da laima tsawon gashi yakan sauya da kusan kashi 2 cikin 100. Gashin doki ma halinsa ke nan. Mu yi lissafi. Idan tsawon izga santimita 50 ne, kashi 2 cikin 100 ya zama santimita 1. Ko da rabin wannan aka samu, ya isa ya mai da tsayayyar izga ta zama sakakkiya. To a ƙasar Kano laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100 a watan Agusta, ta kuma faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ƙauyukan bakin dajin Falgore, da tsaunukan Riruwai, suna samun raɓa da sanyin safiya mai nauyi, sannan da rana ta take iska ta bushe.

Turawa sun magance wannan matsala da wani ɗan noti a gindin baka, wanda ake murɗawa a ɗaure gashi ko a sassauta shi. Irin bakan da suke amfani da shi yau ya daidaita ne a hannun wani maƙeri ɗan Faransa, François Tourte, wajajen 1785, kuma dokar farko da ake koya wa ɗalibinsu ita ce ya sassauta gashin duk lokacin da ya gama kiɗa. Bakan goge ba shi da wannan noti, saboda haka hankalin makaɗi ne zai tsaya a madadinsa. Wanda zai ɗaura sabuwar izga a damina kada ya ja ta har ƙarshen ƙarfinta, domin idan hunturu ya shigo za ta tsuke, silin gashi su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗaura a watan Janairu kuma ya sa ran zai sake gyara ƙulli idan ruwa ya sauka. Tsirkiya ita ma a sassauta ta, ko a kwantar da jaki, idan za a ajiye goge na kwanaki.

Akwai wata ɗabi'a da ke buƙatar gyara. Idan fata ta saki da damina, makaɗa sukan kara ta kusa da wuta ko su sa a rana don ta ɗaure. Fatar takan amfana, amma gashi da ƙaro ba sa son zafin. Zafi yana busar da gashi har ya yi gautsi, yana kuma narkar da ƙaro ya manne silin gashi wuri ɗaya. Idan ya zama dole a ɗumama fata, a ajiye baka nesa, a yi daga nesa-nesa da garwashi, a kuma kare tsirkiya da tafin hannu ba tare da an taɓa ta ba. Haka nan kada a rataye goge a jikin babur ko a bar shi cikin rufaffiyar mota a zafin bazara.

Ƙaro: irinsa da yawansa

Abu na uku shi ne ƙaron kansa, wanda in an yi daidai shi ne rai, in an wuce kima ya zama cuta. Da farko ba kowane ƙaro ne na goge ba. Ƙaron da ake sa wa tawadar allo, irin na dakwara, yana narkewa a ruwa. Saboda haka da damina yakan sha laima ya yi danƙo, da rani kuma ya bushe ya yi santsi kamar gilashi. Wanda ake so shi ne irin wanda ruwa ba ya narkar da shi, mai ƙamshi idan an sa a wuta, mai zama gari idan an murza, kamar ƙaron maje da na hano. Duka itatuwan biyu suna fitowa a dazukan kudancin Kano, maje a wurare masu ɗan danshi, hano kuma a kan duwatsu. Abin da makaɗi ke buƙata a shekara kaɗan ne ƙwarai, don haka babu dalilin sassaƙe itace har a kashe shi. Falgore kuwa daji ne da ke ƙarƙashin kariyar gwamnati, ba a shiga a sari itace yadda aka ga dama. Masu sayar da kayan turare da magungunan gargajiya a kasuwanni irin ta Kwanar Dangora sukan ajiye ƙaro, kuma a zaɓi mai haske wanda babu yashi ko ɓawon itace a cikinsa, domin yashi yana yanka gashi.

Game da yawa, mai koyo yakan ɗauka cewa duk lokacin da sauti bai yi daɗi ba ƙaro ne ya yi kaɗan, sai ya ƙara. Amma an riga an nuna cewa sauti kamu ne da suɓucewa, ba kamu kaɗai ba. Idan ƙaro ya yi yawa, tsirkiya ba ta samun suɓucewa a kan lokaci, sai a ji ƙara mai kaushi da shaƙewa. Ban da haka, danƙon yana tara ƙurar hunturu, ƙurar ta haɗu da gumi ta zama baƙin datti mai nauyi a jikin gashi. Sabuwar izga tana buƙatar a shafa mata sosai a karon farko har ta yi fari-fari daga baki zuwa baki. Bayan haka shafa kaɗan kafin a fara kiɗa ya wadatar. Idan aka ɗan kaɗa baka aka ga gari yana tashi, an wuce kima. Bayan an tashi daga wasa a share tsirkiya da fata da busasshen tsumma mai tsabta wanda aka ware don wannan aiki kaɗai.

Ajiya da tsinkewar gashi

Abu na huɗu shi ne wurin ajiya. Gashi abinci ne ga asu da tsutsar wasu ƙananan ƙwari masu cin fata da ulu, kuma sun fi son wuri mai duhu wanda ba a motsa shi. Wanda ya ajiye goge a ƙarƙashin gado tun daga shuka har girbi, ya zo ya tarar da silin gashi sun zube kamar an sa almakashi, to aikin ƙwari ne. Maganinsu iska da haske da yawan dubawa. A rataye goge a bango mai tsabta nesa da murhu, a sa baka cikin jakar yadi ta auduga, a riƙa fito da shi ana kakkaɓewa ko da ba za a yi kiɗa ba. Leda ba ta dace ba, domin tana tsare laima ta jawo funfuna. Idan sili ɗaya ya tsinke, a yanke shi da reza daf da ƙulli. Fizge shi yana zaro gindinsa daga cikin ƙullin, ƙullin ya yi sako-sako, sauran gashin su biyo baya. Idan kuwa gashin ya ragu sosai ta gefe ɗaya, ko ya yi gautsi yana karyewa ko an wanke shi, lokacin sauyawa ya yi.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala a kan gashin da ake samu a wutsiyar kowane doki? Amsa ita ce ba kowane gashi ne ke yi ba. Ana son dogo, mai kauri ɗaya, marar lanƙwasa da tsagewa, kuma masu sana'ar baka a ƙasashe da dama sun fi son na ingarma a kan na goɗiya, domin fitsari yana jiƙa wutsiyar goɗiya ya raunana gashin. Doguwar izga takan ɗauki shekaru kafin ta kai, doki kuma yana buƙatar wutsiyarsa don korar ƙuda, shi ya sa mai doki ba ya sakin ta da sauƙi. Dawakan da ake kiwo don hawan salla ma ana ji da cikar wutsiyarsu domin ado. Ga kuma lokacin da sabuwar izga ke ɗauka kafin ta sha ƙaro ta zauna. Wanda izgarsa ta watse ana tsakiyar biki ya yi asarar abin da ya fi kuɗin gashi, wato yardar masu gayyatarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani kuma zai ce a koma ga zaren roba irin na masuntan Tiga, tunda asu ba ya cinsa, laima ma ba ta cika damunsa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma mai koyo da bai sami izga ba yana iya farawa da shi. Amma jikin roba sumul yake, ba ya riƙe ƙaro yadda gashi ke yi, don haka yana buƙatar shafawa a kai a kai, sautinsa kuma ba ya kai na gashi taushi. A ƙasashen da ke da masana'antun ƙera gashin roba na musamman don baka ma, yawancin ƙwararrun makaɗa har yau gashin doki suke ɗaurawa. Sannan maiƙo da yawan ƙaro da zafin wuta suna lalata roba kamar yadda suke lalata gashi, don haka ko an sauya zare ba a tsira daga kulawa ba.

Akwai masu cewa magabata ba su karanta littafi ba amma suka ƙware. Haka ne, kuma abin da ke cikin wannan darasi bai saɓa wa aikin ƙwararru ba, dalilinsa kawai ya fito da shi fili. Su sun samu ilimin ne ta zama shekaru a gaban maigida suna ɗaukar masa kaya. Wannan hanya ta ragu tun daga shekarun 1990, lokacin da kiɗan fiyano da na situdiyo ya mamaye finafinan Hausa da gidajen biki. Matashin da ya gaji goge a yau yana iya rasa wanda zai tsawata masa idan ya taɓa izga da hannun miya. Rubutu ne zai cike wannan giɓi.

Daga ƙarshe, wasu za su ce goge ya yi ƙaurin suna da bori da wuraren shaye-shaye, bai kamata ya shigo aji ba. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, sun kuma yi bayaninta, wannan darasi bai zo don yanke ta ba. Abin da ya koyar shi ne halin gashi da fata da ƙaro a gaban laima da zafi da ƙwari, kuma baduku da mai kiwon doki da mai ajiye sirdi ko buzu duk suna buƙatar wannan sani. Barin kayan sana'a su lalace da gangan kuwa almubazzaranci ne a wurin kowa.

Tambayoyin bita

1. Bayyana da kalmominka yadda izga da ƙaro ke sa tsirkiya ta yi sauti.
2. Idan tsawon izga santimita 60 ne, ta kuma ƙaru da kashi 2 cikin 100, nawa ne sabon tsawonta?
3. Me ya sa ƙaron tawada bai dace da goge ba?
4. Me ya sa ake yanke silin da ya tsinke maimakon a fizge shi?
5. Rubuta jimloli biyar a kan yadda za a ajiye goge daga watan Yuni zuwa Oktoba.

Aikin gida

Ku nemi wani dattijon makaɗi ko baduku a garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi yadda yake kare kayan aikinsa daga laima da asu. Ku rubuta abin da ya faɗa da sunayen da yake kiran kowane abu, ku kawo aji a kwatanta da abin da aka karanta a nan. Wanda ke da goge ko kukuma a gida kuma, ya fara tun yau da abubuwa uku: wanke hannu kafin kiɗa, share tsirkiya bayan kiɗa, da rataye kayan inda iska ke shiga.